Allurar "sitem sel" don gyaran fuska: me ke cikin sirinjin?

"Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 47, 'ya'yana shida. Tun da al'adata ta fara wasa fuskata ta zube, kumatuna sun faɗa, ga wasu layuka biyu da suka sauko daga hanci zuwa gefen baki. Ba zan ɓoye maka ba, na yi shekaru ina shafa man haɗi, na rage amma ban daina ba. Wata ƙawata ta dawo daga Dubai fuskarta shar, ta ce allurar sitem sel aka yi mata, kuma yanzu akwai masu yi a Abuja. Na tambayi kuɗin, ya kusa na kujerar Umara. Sun ce da ƙwayoyin jikina za a yi, don haka babu wata illa. Gaskiya ne? In yi ko in haƙura?" — Wata Hajiya daga Kaduna

Wa alaikumus salam Hajiya. Kina son ki san ko allurar tana aiki, ko da gaske ba ta da illa tun da daga jikinki za a ɗebo, sannan ko ta dace da fuskarki. Kafin mu kai can sai na yi miki tambayar da nake yi wa duk wadda ta zo mini da wannan magana a asibiti: me suka ce za su zuba a cikin sirinjin? Yawanci a nan ake yin shiru. Kalmar "sitem sel" (asalin ma'anarta ƙwayoyin tushe, masu iya juyewa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki) ta zama kamar maganin nan na bakin tasha da ake cewa yana kashe cuta casa'in da tara. Sunan kasuwa ne, ana sayar da abubuwa daban-daban a ƙarƙashinsa, wasu suna da ƙwayoyin halitta masu rai, wasu ko ɗaya babu.

Abin da ya sa fuska ke zubewa

A ƙarƙashin fatar da kike gani akwai wani hawa mai kauri, a cikinsa wasu ƙwayoyi suke zaune da muke kira faibirobilas. Ni ina kiransu masaƙa, don aikinsu ke nan: su suke saƙa zaren kolajin da ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta. Daga shekara ashirin da wani abu kolajin yana raguwa da kamar kashi 1 cikin 100 duk shekara. Ga mace kuma akwai wani gangare na musamman, domin a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada ana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100. Abin da kika lura da shi ba idonki ne ke yaudararki ba.

Masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna wani abu da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Masaƙan nan ba ƙarewa kawai suke yi ba. Suna buƙatar zare a miƙe, a ɗaure tam, kafin su yi aiki, kamar yadda masaƙi ba ya saƙa sai ya ja zarensa ya ɗaure. Idan zaren da suke riƙe da shi ya tsittsinke saboda rana da shekaru, sai su tattare, su rage saƙa, su ƙara fitar da sinadarin da ke yanka sauran zaren. Ke nan ko an kawo sababbin masaƙa aka zuba su a wurin da babu abin kamawa, ba lallai su yi abin da ake fata ba.

Sannan faɗawar kumatu ba aikin fata kaɗai ba ne. Kitsen da ke cike kumatu yana raguwa yana gangarowa ƙasa, ƙashin fuska kansa yana ja da baya, in an cire haƙoran ciki abin ya ƙaru. Allurar da ke gyara laushin fata ba za ta ɗaga kumatun da ya faɗa ba. Ki riƙe wannan.

Allurar jini

Mafi yawan abin da ake yi a ƙasar nan da sunan sitem sel shi ne PRP. Ana ɗiban jininki a 'yar kwalba, a sa a injin da ke wulwula shi da gudu na wasu mintuna, jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin rawaya ya taso sama. A cikin ruwan nan ƙwayoyin daskarar da jini suke taruwa. Su ɗin ma ba cikakkun ƙwayoyi ba ne, gutsattsari ne, kuma ba sitem sel ba ne ko kaɗan. Amfaninsu shi ne suna ɗauke da sinadaran da ke kiran jiki ya yi gyara idan an ji rauni. Abin ya yi tashe a 2013 bayan Kim Kardashian ta sa hoton fuskarta jina-jina a intanet.

Ina yin PRP, akasari tare da ƙananan allurai ga masu ramukan tsofaffin ƙurajen fuska, da kuma wasu nau'in zubewar gashi. A nan nakan ga ci gaba, ba mai yawa ba, amma na gaske. Ga tamoji kuwa ba na yi wa kowa alkawari. A 2018 likitoci a Jami'ar Northwestern da ke Chicago sun yi wani gwaji mai kyau: kowane mutum aka yi masa PRP a kunci ɗaya, ruwan gishiri a ɗaya, ba tare da ya san wanne ne wanne ba. Mutum 19 suka kammala. Likitocin da suka duba hotuna ba su ga bambancin a-zo-a-gani ba tsakanin ɓangarorin biyu. Su mutanen da kansu, bayan wata shida, sun fi yaba ɓangaren da aka yi wa PRP wajen laushi da raguwar tamoji. Iyakar abin ke nan. Kuma injinan sun sha bamban, wani yana tara ƙwayoyin ninki huɗu ko biyar, wani ruwan da yake fitarwa bai fi jininki na yau da kullum da komai ba.

Wanda ke da ƙwayoyi masu rai

Akwai allurar da da gaske ƙwayoyi masu rai ake zubawa, kuma hukuma ta duba ta. A watan Yunin 2011 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da wani magani mai suna laViv. Ana yanko 'yar fata ƙarama daga bayan kunne, inda rana ba ta cika dukan wurin ba, a aika ɗakin gwaje-gwaje, a raini masaƙan da ke ciki har su hayayyafa su kai miliyoyi. Wannan kan ɗauki wajen wata uku. Sai a dawo da su a yi allura sau uku, da ratar makonni a tsakani. Kuma don layukan nan biyu da kika ambata kaɗai aka amince da shi, daga hanci zuwa gefen baki.

A manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi da mutum 421, kusan rabin waɗanda aka yi wa sun ce sun ga canji. Da likitoci suka duba da nasu idon, ɗaya cikin uku ne a gwaji ɗaya, ɗaya cikin biyar a ɗayan. Ya fi allurar da babu ƙwayoyi a ciki, babu shakka, amma ba mu'ujiza ba ce. Mafi yawan waɗanda aka gwada a kansu fararen fata ne, kuma awon ya tsaya a wata shida. Kamfanin ya daina sayar da shi bayan 'yan shekaru. Ga tsada, ga jira, alhali fila na gama-gari, wato sinadarin da ake allurarsa a ƙarƙashin fata don cike rami, yana cike layin a rana ɗaya. Koriya ta Kudu ta ci gaba da wannan hanya, ta amince da irinsa don ramukan ƙuraje a 2010, da wani mai suna Rosmir don ramin ƙarƙashin ido a 2017.

Ni ban taɓa yin wannan da hannuna ba, domin yana buƙatar ɗakin rainon ƙwayoyi mai tsananin tsafta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da gwajin kowace kwalba kafin ta fita. Amma ga ma'auni mai sauƙi da zai amfane ki. In aka ce miki za a "raini ƙwayoyinki" kuma a gama komai yau-yau ki koma Kaduna da yamma, to ba wannan ba ne.

Kitse

Ɗaukar kitse daga wani wuri a jiki a kai wani ba sabon abu ba ne. Wani likitan tiyata Bajamushe, Gustav Neuber, ya yi shi tun 1893, kuma Sydney Coleman na New York ya gyara hanyar a shekarun 1990. Abin da ya sauya zancen shi ne a 2001 masu bincike a Amurka suka nuna cewa a cikin kitse akwai ƙwayoyin tushe, waɗanda a ɗakin gwaji za a iya juya su su zama kitse, ko guringuntsi, ko ƙashi. Daga nan 'yan kasuwa suka samu kalma. Aikin da ake kira dashen kitse jiya, yau ya zama "gyaran fuska da sitem sel", kuɗin kuma ya ninka.

Ana zuƙo kitsen daga ciki ko cinya da siririn bututu. Idan cika kumatu ake so, a tace shi a zuba shi kaɗan-kaɗan. Wani kaso yana kamawa ya zauna shekaru, wani jiki ya shanye, kuma babu likitan da zai gaya miki daidai nawa zai zauna. Wanda ya kama ɗin kitsen ciki ne har gobe, in kika yi ƙiba shi ma zai yi. Akwai kuma abin da likitoci biyu na Beljiyam, Tonnard da Verpaele, suka bayyana a 2013: a haɗa sirinji biyu baki da baki, a yi ta tura kitsen daga wannan zuwa wancan kamar sau talatin har ya narke ya koma ruwa fari-fari, a tace. Ƙwayoyin kitsen sun farfashe, sauran ƙwayoyin gyara sun rage. Wannan ba ya cika komai, don laushin fata da duhun ƙarƙashin ido ake yin sa. Hotunan da ake nunawa suna da kyau, amma yawancin rahotannin na mutane kaɗan ne, ba tare da an kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba.

Cikin duk abin da na lissafa, dashen kitse ne kaɗai zai iya taɓa matsalar kumatunki. Shi ne kuma ya fi buƙatar gwani, ni kaina likitan tiyatar gyaran jiki nake tura wa.

"Ai daga jikinki ne"

Wannan maganar ita ta fi damuna a wasiƙarki, domin tana da daɗin ji kuma rabinta gaskiya ne. Jikinki ba zai ƙi abin da ya fito daga gare shi ba, shi ke nan gaskiyar da ke ciki. Amma kitsenki ne dai, in ya shiga jijiyar jini a tsakanin gira ko gefen hanci, zai iya bin ta baya ya toshe jijiyar da ke ciyar da ido. A wani nazari na 2015 da ya tattara mutum 98 da suka samu matsalar gani bayan allurar cika fuska, kusan rabi kitsen jikinsu aka zuba musu. Fila irin na hayaluronik yana da maganin da ke narkar da shi in an samu matsala. Kitse ba shi da shi.

A 2012 aka ba da labarin wata dattijuwa a Los Angeles da ta biya sama da dala 20,000 aka zuba mata ƙwayoyin tushe daga kitsenta a kewayen ido, tare da wani fila mai sinadarin kalsiyam. Bayan 'yan watanni ta kasa buɗe idon dama sai da zafi, kuma in ta buɗe tana jin wani ƙas-ƙas. Likitan da ya buɗe wurin ƙananan ƙasusuwa ya tarar sun tsiro a fatar idon. Ƙwayoyin sun tarar da kalsiyam, sai suka yi abin da suka iya. An shafe sama da awa shida ana cirewa. Ƙwaya mai rai ba kamar magani ba ce da za a ce ya gama aiki ya fita da fitsari.

Jini kuma, naki ne lokacin da ya fita. Abin tambaya shi ne wanda ya dawo. A Albuquerque ta jihar New Mexico an rufe wani gidan gyaran jiki a 2018, inda masu bincike suka tarar da kwalaben jini babu suna a kan teburin kicin, wasu a cikin firji tare da abinci, ga sirinji a buɗe cikin durowa. A 2024 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ba da rahoton mata uku da ake ganin a can suka kamu da HIV ta wannan allurar jinin. A Amurka ke nan. A wurinmu da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma ya fi HIV saurin bin allura nesa ba kusa ba, ki auna da kanki.

Sauran kwalabe

Akwai waɗanda ba daga jikinki ba ma. Wanda ake yayi yanzu shi ne ekzozom, wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ƙwayoyi ke fitarwa don aika wa juna saƙo. Binciken yana da ban sha'awa, ina bibiyarsa. Amma a Disambar 2019 FDA ta yi gargaɗi bayan wasu sun yi rashin lafiya mai tsanani a Nebraska, kuma har yanzu da nake rubutun nan ba ta amince da ko ɗaya a matsayin allura ba. Akwai na igiyar cibiyar jarirai, wanda a 2018 CDC ta ba da rahoton mutum 12 da suka kwanta asibiti saboda ƙwayoyin cuta da ke cikin kwalaben. Akwai Rejuran na Koriya, wanda daga kifin salmon ake ciro shi, babu ƙwaya mai rai a ciki. Har da na tumaki: a 2014 wasu Amurkawa biyar sun je Jamus aka yi musu allurar ƙwayoyin ɗan tayin tunkiya, suka dawo da zazzaɓin Q, cutar da makiyaya ke ɗauka a garke. Hukuncin sa sassan wani mutum ko dabba a jiki don kwalliya kuma na bar wa malamai, amma ya kamata ki san abin da za ki tambaye su a kai. Man shafawar da aka rubuta "sitem sel na tuffa" a jikinsa kuwa, man shafawa ne kawai.

Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ta zo da ƙulli-ƙulli a jere a kumatunta biyu, kowane ɗaya daidai inda allura ta shiga, wasu sun fara ruwa. Wani baƙo ne ya zo gari na kwana uku, ya kama ɗaki a otal, mata suna shiga bi da bi. Na ce ta nuna mini kwalbar. Hoto ta nuna mini a waya: 'yar kwalba mai murfin zinare, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, rubutun jikinta ba ta iya karantawa, ni ma haka. Sai da makonni suka wuce kafin ƙullin ya fito, lokacin mai allurar ya daɗe da barin ƙasar, lambarsa ba ta shiga. Mun yi watanni muna ba ta magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu a haɗe. Ƙullin ya kwanta, amma kowane ɗaya ya bar baƙin tabo. Irin fatarmu haka take, duk inda ta ji ciwo sai ta yi duhu, ga wasu kuma tabon ya taso ya yi tudu. In kin san hujin kunne ko kaciyar wani a gidanku ta taɓa yin irin wannan tudun, ki gaya wa duk wanda zai kusanto fuskarki da allura.

Ke kuma, Hajiya

Na gode da kika faɗi maganar man haɗi, domin da ita amsar ta sauya. Yawancin haɗin da ake yi a kasuwa akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, irin su kilobetasol, sau da yawa da haidurokwinon, wani lokaci har da makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda. Aikin sitiroyid a fata shi ne ya ɗaure hannun masaƙan nan da muka yi magana, su daina saƙa kolajin. Shi ya sa fatar mai shafa ke yin siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta bayyana a hannu da cinya, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Baƙar fata a asalinta tana jinkirin tamoji da shekaru masu yawa fiye da ta Bature, saboda launin nan kariya ne daga rana. Man haɗi ya cire kariyar, ya kuma hana gyara. Ina kyautata zaton wani kaso na abin da kike gani a madubi ba shekaru ba ne, kwalbar da ke gefen gado ce. Ki biya kuɗin Umara a kawo sababbin masaƙa, da daddare ki shafa abin da zai ɗaure su, ga fata mai rauni da ƙwayar cuta ke shiga da sauƙi: ban ga riba ba.

Don haka amsata a yanzu ita ce ki dakata. Kada kuma ki yanke man rana ɗaya. Wadda ta shekara tana shafa sitiroyid a jiki duka, in ta tsaya kwatsam fuska kan yi ja ta yi zafi ta feso da ƙuraje, wani lokaci jiki ya yi sanyi ƙalau da jiri saboda ya saba samun sinadarin daga waje. Ki je wurin likitan fata da kwalaben gaba ɗaya a jaka, a tsara yadda za a janye a hankali, a auna hawan jini da sukari da ƙoda. Ki fara man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama kowace safiya, domin hijabi ya rufe ko'ina ban da inda kike kuka da shi. In fatar ta huce, akwai tiretinoyin, man da tun 1988 aka nuna yana rage tamojin da rana ta jawo, yana kuma sa fata ta ƙara kolajin, kuɗinsa bai kai na atamfa ba. Yana son haƙurin wata uku zuwa shida, kuma ba a shafa shi da ciki. Al'ada mai wasa ba ta nufin an rufe haihuwa, sai a kula.

Ban ga fuskarki ba, kuma ba a auna zurfin kumatu ta wasiƙa. Mai yiwuwa bayan wata shida ko shekara ki ga abin da ya rage bai kai ya dame ki ba. In ya rage, a lokacin za a zauna a zaɓa tsakanin fila da ke narkewa da kansa cikin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, wanda in bai yi miki ba a cire shi, da dashen kitse a hannun likitan tiyata. In ma PRP kike so don laushi ba zan hana ki ba, muddin kin san abin da kike saye, kuma a farashin PRP. Ki nemi ganin lasisin mai yin na wannan shekarar daga hukumar likitoci ta MDCN, a buɗe kowace allura a gabanki, a rubuta sunanki a kwalbar jinin kina kallo, injin kuma ya kasance a ɗakin da kike.

Ƙawarki kuma, kowace allura a fuska tana kawo ɗan kumburi na kwanaki ko makonni, kumburi kuwa yana miƙar da tamoji. Sau da yawa ana haɗawa da fila a zama ɗaya, shi ke yin cikar, sitem sel ya karɓi yabon. Ki roƙe ta ta nuna miki takardar da aka ba ta a Dubai ki ga sunan abin da aka zuba, sannan ki sake duban fuskarta bayan wata shida, da safe, kafin ta yi kwalliya.